NAWAYAR ZUCIYA BAYAN ZINA, DA HANYAR SAUKE TA

 An rubuta darasin nan domin mutumin da ya yi alkawarin aure a gaban Allah da jama'a, daga baya ya karya shi, yanzu kuwa zuciyarsa ta hana shi sakat. Idan kai ne, kada ka ninke takardan nan ka jefar, gama ban san ka ba, ba kuwa domin in tona ka na rubuta ba. Ke ma 'yar'uwata, dukan abin da na faɗa wa namiji a nan naki ne. Idan kuma abin bai same ka ba, karanta dai. Watakila wata rana wani zai zo maka da wannan kaya, ka rasa abin da za ka ce masa.

Wani magidanci, wanda ba zan faɗi sunansa ko ƙauyensa ba, ya sallama mini da dare bayan addu'ar yamma. Ya daɗe zaune bai ce kome ba. Can ya ce, "Malam, shekara biyu ke nan da na tafi cin rani na yi abin da bai kamata ba. Na rabu da matar, ba wanda ya sani. Amma tun daga ran nan, idan uwargidana ta ajiye mini tuwo, sai in ji kamar na sata ne. Da ma an kama ni an hore ni, da na huta." Abin da na koya masa a wannan dare da kwanakin da suka biyo, shi ne na tattara maka a nan.

1. Ciwon da ke ci daga ƙarƙashi

Kowane manomi a ƙasar Maska da Bakori da Malumfashi ya san ƙuduji, wanda waɗansu ke kira wuta-wuta. Irinsa ƙanana ne kamar ƙura. Yakan tsira a cikin ƙasa, ya manne wa saiwar dawa ko masara, ya dinga shan abincinta tun kafin ya leƙo waje. Mai gona yakan ga dawarsa ta tsumbure, ganye yana ƙonewa ko da akwai ruwa, bai ga dalili ba. Sa'ad da furen nan mai kyau ya bayyana, ɓarna ta riga ta yi nisa.

Haka zunubin da aka ɓoye yake. Mutum yana zuwa majami'a, yana waƙa, yana noma, amma barci ya ƙaura, addu'a ta bushe a bakinsa. Yana faɗa da 'ya'yansa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Idan mai wa'azi ya ambaci aure, sai ya ga kamar shi ake nunawa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Sarki Dawuda ya san wannan hali. A cikin Zabura ta 32 ya bayyana yadda jikinsa ya lalace, ƙarfinsa ya ƙafe, dukan kwanakin da ya kame bakinsa bai furta laifinsa ba.

Ka sani fa, wannan zafi alheri ne a gare ka. Allah ya sa lamiri cikin mutum kamar yadda ya sa jin zafi cikin fata. Wanda kuturta ta kashe masa jijiya yakan taka garwashi bai sani ba, har ƙafa ta lalace. Muddin zuciyarka tana jin zafin abin da ka yi, Ruhu Mai Tsarki bai bar yin magana da kai ba.

2. Shari'ar mutane da shari'ar lamiri

Mutanen ƙasarmu sun ga iyakar shari'ar duniya da idonsu. A watan Maris na 2002 kotun shari'ar Musulunci ta Bakori ta yanke wa Amina Lawal, mutuniyar Kurami, hukuncin jefewa, domin ta haihu bayan aurenta ya mutu. Mutumin da ta ambata ya musa, ya yi rantsuwa, ba a sami shaidu a kansa ba, aka sallame shi. Babbar kotu a Funtuwa ta tabbatar da hukuncin a watan Agusta na shekaran nan, har labari ya kai Turai da Amurka. Ran 25 ga Satumba, 2003, kotun ɗaukaka ƙara ta Katsina ta soke hukuncin, ta sallame ta. Ban kawo wannan domin in ɗora wa kowa laifi ba, gama alƙalai sun gama maganarsu. Na kawo shi domin ka lura da abu biyu.

Na fari, alƙalin duniya yana aiki da shaidu, da furcin baki, da alamar da ido ke gani. In babu su, hannunsa a ɗaure yake. Lamiri kuwa ba ya neman shaida, domin yana wurin sa'ad da aka yi abin. Shi ya sa magidancin nan, wanda ba wanda ya yi ƙararsa, ya kwana shekara biyu a gaban alƙali.

Na biyu, a cikin wannan magana idon jama'a yakan faɗa a kan mace, gama ita ke ɗaukar ciki, namiji kuwa ya shige cikin taro. Haka ya faru a zamanin Ubangijinmu. Cikin Bisharar Yohanna sura 8 malaman Attaura da Farisiyawa sun jawo mace ita kaɗai, ko da yake Dokar Musa ta haɗa namiji da mace cikin hukunci ɗaya. Yesu ya mai da maganar a kan lamirin masu ƙara, ya ba marar zunubi a cikinsu damar fara jifa, suka watse ɗaya ɗaya. Bai hukunta matar ba, bai kuwa ce abin da ta yi ƙarami ne ba. Ya sallame ta da umarni ta rabu da zunubi. Ya ɗan'uwana, idan ka tsira daga bakin mutane domin kai namiji ne, kada ka ɗauka ka tsira.

3. Baƙin ciki iri biyu

Manzo Bulus, cikin wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korintiyawa sura 7, ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda ke kai mutum ga tuba da ceto, da wanda ke kai shi ga mutuwa. Daga waje kamarsu ɗaya, dukansu da hawaye da rashin barci. Ga yadda za ka gane su.

Baƙin ciki na duniya kansa yake dubawa. Tambayarsa ita ce, me za a ce da ni, ina zan sa fuskata a kasuwa, wa zai sake gaishe ni da girma? Wannan kunya ce, kunya kuwa ɓoyewa take so. Baƙin ciki irin na Allah yana duban wanda aka cuta. Tambayarsa ita ce, me na yi wa Allah, me na yi wa matata, me na yi wa gidan wancan mutum, ƙaƙa zan gyara?

Dubi almajirai biyu a cikin dare ɗaya. Yahuza ya ba da Ubangiji, Bitrus ya yi musunsa sau uku. Dukansu sun ji zafi. Yahuza har ya mai da azurfa talatin ɗin, ya furta laifinsa, amma ya kai shi wurin manyan firistoci waɗanda ba ruwansu da ransa, sa'an nan ya tafi shi kaɗai ya rataye kansa. Bitrus ya yi kuka mai zafi, amma bai rabu da 'yan'uwa ba, har Ubangiji ya same shi a bakin tekun Galili, ya tambaye shi sau uku a kan ƙauna, ya mayar masa da aikin kiwon tumaki. Abin da ya raba su shi ne wurin da kowa ya kai kayansa.

4. Hanyoyi huɗu da ba su kai gida

Ta fari ita ce ɓoyewa. Karanta littafin Sama'ila na biyu, sura 11. Dawuda ya zauna a Urushalima sa'ad da mayaƙansa ke bakin daga, ya ɗauki Bat-sheba matar Uriya Bahitte. Da ciki ya bayyana, ya kira Uriya gida domin a ce nasa ne. Dabarar ba ta ci ba, ya bugar da shi da ruwan inabi. Wannan ma ba ta ci ba. Daga ƙarshe ya rubuta wa Yowab a sa Uriya inda yaƙi ya fi zafi, ya ba Uriya takardar ya kai da hannunsa. Zina ta haifi ƙarya, ƙarya ta haifi kisan kai. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin mutum ya kai ƙarshensa yakan binne waɗansu a ciki.

Ta biyu ita ce ɗora wa wani. Mutum ya ce, matata ce ba ta kula da ni, na daɗe a baƙon gari, kuɗin auduga ne suka shigo hannu, abokai suka ja ni, Shaiɗan ne. Mai yiwuwa akwai gaskiya cikin waɗansu daga ciki, za a kuwa duba su a lokacinsu. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Tun a gonar Adnin Adamu ya nuna matarsa, ita kuma ta nuna maciji, ba kuwa wanda ya sami sauƙi ta haka.

Ta uku ita ce biyan bashi da azabtar da kai. Wani ya dinga azumi har ya rame, ya ƙara baiko, ya sayo wa matarsa zane bayan zane ba ta san dalili ba, ya hana kansa Jibin Ubangiji shekara da shekaru. Yana so ya saya da wahalarsa abin da Kristi ya riga ya biya da jininsa. Kakanninmu a Maska sun san saƙa da rini, sun kuwa san farin ƙyallen da ya shiga karofi ba ya komawa fari da yawan wanki. Ƙoƙarinka ba zai fid da wannan baba ba. Wani kuma yakan nemi mantuwa a gidan giya ko wurin boka. Da safe kayan na nan inda ya bar shi, ya ƙara nauyi.

Ta huɗu ita ce fid da zuciya, hanyar Yahuza. A nan zan yi maka magana a fili. Idan tunani ya fara zo maka cewa mutuwa ta fi, kada ka kwana da shi kai kaɗai. Tashi yau ka faɗa wa fasto, ko dattijo, ko ɗan'uwan da ka amince da shi. Maganin feshi da na ɓera da ke ɗakinka ka ba wani ya ajiye maka. Idan makonni suka wuce ba ka barci, ba ka cin abinci, ba ka iya aiki, je asibiti, gama baƙin ciki mai tsanani ciwo ne da likita ke da taimako a kansa, zuwa wurinsa kuwa ba rashin bangaskiya ba ne. Mutuwarka ba za ta biya matarka kome ba. Za ta bar mata marayu a kan cin amana.

5. Hanyar da ke kai gida

Da fari, ka faɗa wa Allah sunan abin. Sa'ad da annabi Natan ya zo wa Dawuda da misalin mai arzikin da ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tak ta matalauci, ya kuma nuna masa cewa shi ne mai arzikin nan, sarki bai kawo hujja ba. Ya amsa laifinsa da gajeriyar magana, Natan kuwa ya sanar da shi gafara nan take. Zabura ta 51 ita ce addu'arsa ta wannan lokaci. Tun 1932, da aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa, muna da ita cikin harshenmu. Buɗe ta ka karanta a durƙushe. Kada ka ce da Allah ka yi kuskure, ko ƙafarka ta zame. Ka ce ka yi zina. Likita ba ya ɗaure gyambon da aka rufe masa da riga.

Na biyu, ka yanke igiyar ɗungum. Ba sauran gaisuwa, ba aike, ba kyauta, ba zuwa yin ban kwana a ɗaka. Share lambarta daga wayarka. Idan hanyar kasuwa ta bi ta ƙofarta, sake hanya. Idan wurin cin raninka ne, sake gari, ko da riba za ta ragu. Yusufu a gidan Fotifar bai tsaya gardama ba, ya bar rigarsa ya gudu. Manomi yakan cire ƙuduji tun bai zuba iri ba, domin tushe ɗaya yana zubar da iri dubbai, irin kuwa yana iya kwana cikin ƙasa fiye da shekara goma yana jiran dawa.

Na uku, ka faɗa wa mutum ɗaya mai tsoron Allah, mai riƙe asiri. Wasiƙar Yakubu sura 5 ta umarce mu da furta zunubai ga juna da yi wa juna addu'a. Littafin Addu'a na Ikilisiyar Ingila na 1662 ma ya gargaɗi wanda ya kasa kwantar da lamirinsa shi kaɗai, ya je wurin mai hidimar Maganar Allah ya buɗe masa damuwarsa kafin ya zo Jibi. Namiji ya nemi fasto ko dattijo. Mace ta nemi dattijuwa mai hankali cikin zumuntar mata, ko ta je wurin fasto tare da ita. Zaɓi da kyau, gama magana zarar bunu ce. Ba a bukatar ka tashi a tsakiyar sujada ka zuba kome a kunnen yara da baƙi, ka tona wata tare da kanka.

Na huɗu, ka je asibiti a gwada jininka kafin ka koma shimfiɗar aurenka. Ciwon sanyi yana iya zama a jiki ba alama, ya shiga matarka ya lalata mata mahaifa. Tunjere yana iya kama jariri tun yana ciki. Ƙwayar ƙanjamau ba ta nuna kanta a gwaji nan da nan, shi ya sa ma'aikatan lafiya sukan ce a sake gwaji bayan wata uku. Biyun fari suna warkewa da magani. Na ukun kuwa akwai maganin da ke danne shi, mutum ya yi tsawon rai, idan an gane da wuri. Wanda ya ce ya tuba, ya kuma kai wa matarsa cuta saboda kunyar ma'aikacin asibiti, tubansa bai kai ƙasa ba.

Na biyar, maganar da ta fi kowace wuya: faɗa wa wanda ka ci amanarsa. Mutane sukan tambaye ni, "Malam, tun da Allah ya gafarta, don me zan tayar da hankalin gida?" Amsata ita ce, alkawarin da ka karya da ita ka yi shi, ita ce mai haƙƙi. Kullum tana ba ka amana a kan abin da ba haka yake ba. Kuma rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Jin abin daga bakinka ya fi mata sauƙi a kan jinsa a bakin rijiya. Idan akwai cuta, ko ciki, ko dukiyar gida da ta salwanta, ba ka da ikon yin shiru ko kaɗan. Amma ka yi shi da hikima. Shawarci wanda ka faɗa wa tukuna a kan lokaci da wuri. Faɗi gaskiya ba ragi, amma kada ka zana mata abin da zai zauna a idonta har abada. Kada ka haɗa da ko kalma ɗaya ta laifinta a ranar. Kada kuwa ka je domin ka sauke kayanka a kanta ka tafi da sauƙi. Je ka domin ka mayar mata da gaskiyar da ka ƙwace.

Ke 'yar'uwata, idan kin san mijinki mai saurin hannu ne, har kina tsoron ranki ko lafiyarki, kada ki faɗa masa ke kaɗai a ɗaka. Ki fara da fasto da dattijuwar da kika amince da ita, su duba yadda za a yi da lokacin da za a yi, su kasance a wurin. Allah bai nemi ki ba da wuyanki ga duka domin ki nuna tuba ba. Kai miji kuma, zunubinta bai ba ka izinin ɗaga hannu ba.

Na shida, ka gyara abin da ke gyaruwa. Zakka mai karɓar haraji, cikin Luka sura 19, ya nuna tubansa da mayar da abin da ya ƙwace riɓi huɗu. Lissafta abin da ka kashe a waje daga rumbun gidanka, ka mayar wa iyalinka a hankali. Idan an haifi ɗa ta wannan hanya, ɗan ba shi da laifi. Cinsa da suturarsa da makarantarsa suna wuyanka, ta hannun dattawa, da sanin matarka, ba ta hanyar komawa ɗakin uwarsa ba. Idan kana riƙe da aiki cikin ikilisiya, ka ajiye shi da kanka. Idan dattawa suka sa ka ƙarƙashin horo, suka dakatar da kai daga Jibi na ɗan lokaci, karɓa ba gunaguni. Kada ka gudu zuwa wata majami'a inda ba a san ka ba.

6. Gafara ba ta hana girbi

Kada wani ya ruɗe ka cewa da ka tuba kome zai koma yadda yake dā. An gafarta wa Dawuda, duk da haka ɗan da aka haifa ya mutu, takobi kuwa bai rabu da gidansa ba. Ba a ɓari a kwashe duka. Matarka tana iya yin yaji. Tana iya tambayarka abu ɗaya sau ɗari, ta binciki wayarka, ta yi kuka ran da kake tsammani an wuce wurin. Ba ka da ikon ce mata, ai Allah ya gafarta mini, ke wace ce? Gafarar Allah kyauta ce ta nan take. Amincewar mutum kuwa gini ne na tubali bisa tubali. Ubangiji da kansa, cikin Matiyu sura 19, ya ambaci fasikanci a matsayin abin da ke iya raba aure. Idan ta zauna, alheri ta yi maka. Ka riƙe shi da hannu biyu.

7. Idan zuciya ta sake tayar da ƙara

Ga inda masu tuba da yawa ke tuntuɓe. Sun furta, sun yanke, sun gyara, amma da tsakar dare abin ya dawo sabo, har su ce watakila ba a gafarta musu ba. Ka koyi rarrabe murya biyu. Ruhu Mai Tsarki yakan nuna laifi takamaimai da abin da za ka yi a kansa. In ka yi, ya bar maganar. Mai saran 'yan'uwa kuwa yakan tono abin da aka riga aka binne, ba ya nuna maka hanya, sai dai ya ce kai ba kome ba ne. Idan tunanin ya zo, tambayi kanka, akwai abin da ya rage ban furta ba ko ban gyara ba? In akwai, tashi ka yi. In babu, ka tsaya a kan alkawarin da ke cikin wasiƙar Yohanna ta fari sura 1, inda aka jingina gafarar mai furta zunubi a kan amincin Allah da adalcinsa, ba a kan yadda zuciyarka ke ji ba. Sura 3 ta ƙara da cewa Allah ya fi zuciyarmu girma sa'ad da take kā da mu. Wanda ya ci gaba da hukunta kansa bayan Allah ya sallame shi yana cewa ne kotunsa ta fi ta Allah.

Tunawa ba za ta gushe sarai ba, ba kuwa lalle ta gushe ba. Tabo yakan hana mutum sake wasa da wuta. Masana aikin gona suna koya mana cewa gonar da ƙuduji ya cinye, idan aka sa mata taki, aka shuka auduga ko waken soya, irin yakan tsira ya rasa saiwar da zai kama, ya mutu, gona ta yi sauƙi shekara bisa shekara. Kai ma kada ka bar zuciyarka saura. Cika ta da addu'ar safe tare da iyali, da aiki, da zama a gida da yamma, da taimakon wanda ya fi ka rauni. Daga Bat-sheba ɗin nan aka haifi Sulemanu, Matiyu kuwa bai ɓoye sunan Uriya ba sa'ad da ya jera kakannin Yesu Kristi. Allah ya iya fitar da alheri daga gidan da aka ɓata.

8. Kalma ga ikilisiya

Ku dattawa da 'yan'uwa, horo magani ne, yana da ranar farawa, ya kamata ya kasance da ranar ƙarewa. Cikin Korintiyawa ta biyu sura 2 Bulus ya roƙi ikilisiya ta gafarta wa wanda aka hora, ta ta'azantar da shi, domin kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Ku auna namiji da mace da mudu ɗaya, mai kuɗi da matalauci kuma haka. Kada ku matsa wa wadda aka cuta ta yi murmushi kafin ciwonta ya warke. Ku ziyarce ta, gama sau da yawa akan taru a kan mai laifi a manta da ita. Wanda aka ba shi asiri kuwa ya tafi da shi kabari.

Magidancin nan ya bi matakan nan da rawar jiki. Uwargidansa ta tafi gidan iyayenta, ta yi watanni, ya yi noman damina shi kaɗai. Dattawa suka yi ta zuwa biko har ta komo. Ba zan ce maka gidansu ya koma kamar dā ba. Amma ran da aka karɓe shi a Jibin Ubangiji ya ce mini, "Malam, tana fushi da ni har yanzu, amma da ni take fushi, ba da wani mutum da na ƙaga mata ba. Yanzu ina cin tuwon gidana."

Tambayoyi domin bincike

1. Mene ne bambancin kunya da tuba, wanne ne kuwa ke cikin zuciyarka yau?
2. Waɗanne matakai Dawuda ya bi domin ya ɓoye zunubinsa, ina suka kai shi?
3. Don me Bitrus ya tashi, Yahuza kuwa ya hallaka?
4. Wa ka cuta, me ya rage ba ka mayar masa ba?
5. Wane mutum ɗaya za ka faɗa wa kafin Lahadi mai zuwa?

Addu'a

Ya Allah Uba, mai ganin abin da ke ɓoye, na karya alkawarin da na yi a gabanka, na cuci wadda ka ba ni amana. Ba ni da hujja. Ka gafarta mini saboda Ɗanka Yesu Kristi wanda ya mutu domina. Ka ba ni ƙarfin hali in faɗi gaskiya, da haƙuri in ɗauki abin da zai biyo baya. Ka warkar da waɗanda na raunata. Sa'ad da zuciyata ta tashi da ƙara, ka tuna mini da gicciye. Amin.